Ƙibar da Ake Yi Mini Barka da Ita

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ni tsohuwar malamar firamare ce, haifaffiyar Zariya, amma aure ya kawo ni Tudun Wadan Kaduna tun da ƙuruciyata. A nan na haihu, a nan na aurar, a nan nake renon jikoki. Shekaruna 65 a duniya. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, duk bikin da na je ko suna sai na ga mata sa'o'ina da irin jikin da nake da shi a da. Mace ta taka matakala uku tana haki tana dafe gwiwa, ana bin ta da "Hajiya an samu hutu, tubarkalla." Ni ma an yi mini wannan barkar shekara da shekaru. Ba wanda ya yi da mugun nufi, haka muka taso muka tarar: in jikin mace ya cika, to hankalinta a kwance yake, miji yana kula da ita. Sai da aka ajiye takardar gwaji a gabana na san abin da ke ƙarƙashin cikar.

Lokacin da na fito daga makarantar horon malamai mata ta Zariya na kama aiki a 1981, siririya ce ni, har dangin miji suna tambaya ko ba na cin abinci. A ƙafa nake zuwa makaranta, a ƙafa nake dawowa, in tsaya gaban allo tun safe har azahar, in iso gida in yi daka in yi wanki. Da haihuwa ƙiba ta fara shigowa. Kowane jego akwai kunun kanwa, da gasasshen nama, da tuwo da man shanu, kwana arba'in ana ɗura wa mai jego, kuma abin da ya hau ba ya gama sauka kafin wani cikin ya zo. Haihuwa bakwai na yi.

Malam, maigidana, ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri. Da masaƙun suka fara durƙushewa a farkon shekarun 2000, magidanta da yawa suka wayi gari ba aiki, har da shi. Albashin malamar firamare ba ya riƙe gida mai 'ya'ya bakwai, sai na koma ga sana'ar da na gada wurin kakata, wato kayan gara: alkaki, nakiya, dubulan, cincin. Allah ya sa wa abin albarka, da shi muka biya wa yara kuɗin makaranta. Amma duk wadda ta san sana'ar nan ta san ba a yin ta sai da ɗanɗano. Za ki taɓa ruwan suga ki ji ko ya yi danƙo, ki gutsiri alkakin farko ki ji ko tsaminsa ya yi daidai. Waɗanda suka karye kuma ba a kai wa mai biki, a gida suke zama cikin roba, duk wanda ya gifta ya ɗauka. A zaune ake aikin, kan kujera 'yar tsugunno gaban kasko, wani lokaci tun hantsi har magariba.

Daga baya aka ba ni shugabancin makaranta, na bar gaban allo na koma bayan tebur. Keke Napep ya cika gari, inda a da nake takawa sai in tsayar da keke. Na yi ritaya a 2016, zama ya ƙaru. Da safe shayi mai kauri da madara da suga cokali uku, da burodi. Da rana shinkafa ko taliya, da lemon kwalba mai sanyi, don yaran da suka fara aiki ba sa zuwa hannu rabbana, kiret guda suke ajiye mini. Da dare tuwo malmala biyu, in yi isha'i in kwanta.

Jiki ya daɗe yana magana. Ƙeyata takan riƙe, musamman da safe. In na ci abincin rana barci ya danne ni kamar an sa mini magani. Malam ya ce minsharina yana tashe shi. Fatar bayan wuyana ta yi baƙi ta yi kauri, na dirza da soso da sabulun salo har ta yi zafi, ba ta fita ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne salla. Gwiwoyi suka ƙi, in na yi sujada tashi ya zama aiki, har na koma yin salla a kan kujera. Na san addini ya yi rangwame ga mara lafiya, amma duk wanda ya saba kai goshinsa ƙasa ya san abin da na rasa. Kowa na ce mini tsufa ne, ni ma na ɗauka haka.

A 2022, bayan Babbar Salla, aka kira ni aka ce aminiyata da muka yi koyarwa tare ta faɗi a banɗaki. Shanyewar ɓarin jiki. Na je duba ta a asibiti, matar da muryarta ke cika filin makaranta in tana jan layin yara, na tarar da bakinta ya karkace, tana kallona tana so ta kira sunana ya ƙi fita, sai hawaye. 'Yarta ta ce mini ai an daɗe da gaya mata jininta ya hau, takan sha magani in kanta na ciwo, in ya lafa ta ajiye. A hanyar komawa gida babbar 'yata ta ce, "Umma, wallahi gobe sai an auna ki. Ba na son in ji komai." Ban yi mata gardama ba.

Aka ce in zo da safe ban ci komai ba, aka ɗibi jini. Da sakamako ya fito muka shiga wurin likita, yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar 'yata ta uku ba. Ta duba takardun ta ce, "Mama, don Allah ki ɗan miƙe." Ta ɗauko tef irin na tela, ta ce in ɗage hijabi in sassauta zani. Ta laluba haƙarƙarina na ƙarshe, ta laluba saman ƙashin ƙugu, ta zagaya tef ɗin a tsakaninsu, ta ce in saki numfashi kada in matse ciki. Santimita 104.

Ta zauna ta jawo takarda ta jera mini abubuwa biyar. Ƙugu: ma'aunin da ake bi a ƙasashenmu santimita 80 ne ga mace, 94 ga namiji, ko a ma'aunin Amurka mai sassauci 88 ne da 102. Hawan jini, daga 130 bisa 85 an shiga layi, nawa 152 bisa 94. Sugan jini kafin karin kumallo, daga 100, nawa 112. Bai kai 126 ba inda ake cewa ciwon suga ya tabbata, amma yana bakin ƙofa. Sai wani kitse da ke yawo cikin jini, tiraigilisarayid, daga 150, nawa 190. Na ƙarshe kolestarol mai amfani, wanda ke kwashe maiƙo daga hanyoyin jini, ana son na mace ya kai 50, na namiji 40, nawa 42. Ta ce duk wanda ya haɗa uku cikin biyar ɗin nan, likitoci na cewa yana da metabolik sindirom. Ni duka biyar na haɗa. Mai wannan haɗin, in ji ta, haɗarin ciwon zuciya da shanyewar jiki ya ninka masa kusan sau biyu, na ciwon suga kuwa kusan sau biyar.

Na ce, "Likita, cuta biyar a jikin mutum ɗaya?" Ta ce, "A'a Mama, tushensu ɗaya ne." Kitsen da ke cinya da ɗuwawu ba shi ne babbar matsala ba, sai wanda ya taru a cikin ciki, ya lulluɓe hanta da hanji. Shi wannan ba kwance yake kawai ba, kullum yana tura maiƙo zuwa hanta, yana sa jiki ya daina jin maganar insulin, sinadarin da ke shigar da suga daga jini zuwa cikin tsoka. Ta ce in ɗauka insulin baƙo ne mai sallama a ƙofar gida: yana yi ba a amsawa, sai ya yi ta ɗaga murya. Haka jiki ke ƙara yawan insulin, shekara da shekaru, har ya gaji. A tsakanin nan suga na taruwa a jini, hanta na ƙara fitar da kitse, ƙoda na riƙe gishiri da ruwa, jini na hawa. Baƙin nan na wuyana ma, ashe alamar yawan insulin ce, ba dauɗa ba. Ta ƙara da cewa mu mata, in jinin al'ada ya ɗauke, kitse kan bar ƙasan jiki ya koma ciki, shi ya sa abin ke kama mu a wannan shekarun.

Na tambaye ta ko ba a makara ba, tunda na haura sittin. Sai ta ba ni labarin wani babban bincike da aka yi a Amurka, aka fitar da sakamakonsa a 2002. Mutum fiye da 3,000 masu suga a bakin ƙofa irin nawa. Wasu aka ba su metfomin, wani maganin ciwon suga, wasu aka sa su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su riƙa motsa jiki minti 150 a mako. Masu magani, kamuwa da ciwon suga ya ragu musu da kashi 31 cikin 100. Masu gyaran ci da tafiya ya ragu da kashi 58. Waɗanda suka kai shekara 60 zuwa sama kuwa, a cikin masu gyaran ci da tafiyar, ya ragu da kashi 71. Wato tsofaffi sun fi yara cin riba. Ta yi lissafi a gabana: nauyina kilo 92, kashi 7 ɗinsa kusan kilo shida da rabi. "Mama, ba cewa na yi ki koma budurwa ba. Kilo shida da rabi, a hankali, cikin wata shida ko fiye." Ta rubuta mini maganin hawan jini ta ce shi kullum ne, ko kai na ciwo ko ba ya ciwo. Na tuna aminiyata, na riƙe wannan maganar da hannu biyu.

Na zaci za a hana ni abincinmu a ce sai na Turawa. Ma'aikaciyar da ke ba da shawara kan abinci ba ta hana ni tuwo ba. Faranti ta ɗauko ta raba da yatsa: rabi ganye da kayan lambu, kwata wake ko kifi ko ƙwai ko nama mara kitse, kwata tuwo ko shinkafa ko doya. Malmala ɗaya, daidai dunƙulen hannuna. Da na koma gida na zauna na yi tunani, sai na ga ai duk abin da ta lissafa a tukunyar mahaifiyata na san shi. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, kwaɗon rama, dambu mai yawan ganye, faten wake da alayyahu, miyar kuka, kuɓewa, karkashi, yakuwa. Mu ne muka bar su muka ce abincin ƙauye ne, muka rungumi farar shinkafa da taliya da burodi. Yanzu miya ce mai yawa a kwanona, tuwo ɗan kaɗan, kuma na dawa ko gero ko masarar da ba a surfe ba ya fi riƙe ni.

Akwai abin da nake so mata su ji game da acca da alkama. Ana yawan cewa su ne abincin masu suga, har mace ta tuƙa tuwon acca malmala uku ta cinye hankali kwance. Acca abinci ne mai kyau, ina saye wurin matan da ke kawo ta daga kudancin Kaduna, amma ita ma hatsi ce, in ta shiga ciki suga take zama. Awo shi ne maganar. Haka zuma, haka dabino, haka fura in an zuba mata suga.

Lemon kwalba na bari gaba ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abin da ya fi shi ne kada sugan da mutum ke ƙarawa ya wuce giram 25 a yini, kimanin ƙaramin cokali shida, kuma kwalba ɗaya ta lemo ta haura haka. Na ce wa yara duk mai son ya faranta mini ya zo da kifi ko ƙwai ko gwanda. Shayi na riƙa rage masa suga kaɗan-kaɗan har harshe ya saba. Zoɓo nake dafawa da citta da kanumfari da ɓawon abarba, ba suga. Gishiri shi ya fi ba mu wahala a gida. Abin da aka yarda da shi bai kai giram 5 a yini ba, wajen ƙaramin cokali ɗaya, kuma har da wanda ke cikin dunƙule da kanwa da burodi. Ni kuwa dunƙule biyar nake marmasawa a tukunya ɗaya. Na koma ɗaya, na ƙara daddawa da tafarnuwa da albasa da busasshen kifi. Makon farko Malam ya kai loma ya ce, "Yau kuma miyar lami ce?" Na ce masa, "Malam, ka yi haƙuri da ni, kai ma jininka ba a auna ba." Kafin wata biyu, in ya ci abinci a wani gida sai ya dawo yana cewa gishiri ya yi yawa.

Sana'ata ban bari ba, da ita nake rufa wa kaina asiri. Ɗanɗano na bar wa yarinyar da ke taya ni, karyayyu kuma a ƙulle su a fitar da su daga gidan a ranar. Alkaki abin biki ne, a ci ɗaya a yi wa amarya addu'a. Kakata da ta koya mini ba ta taɓa yin karin kumallo da shi ba.

Masu maganin gargajiya da ke yawo da lasifika a mota, da masu tallan shayin rage teɓa a waya, sun same ni ta bakin 'yan uwa. Na kai wa likita wani ƙulli da aka ba ni. Ta ce yawancin irin waɗannan gudawa da fitsari suke sawa, ruwan jiki ne ke fita ba kitse ba, kuma ga mai shan maganin hawan jini hakan na iya taɓa ƙoda. Na zubar.

Tafiya ita ce ta zame mini sabon abu. Mace mai shekaruna, a unguwa irin tamu, ta fito da sassafe ba asibiti za ta ba, ba gaisuwar mutuwa ba, sai an tambaya. Da na gaya wa Malam ya yi shiru, can ya ce, "To in na dawo masallaci sai mu fita tare." Allah ya saka masa da alheri, wannan rakiyar ita ta rufe bakin mutane. Na sayi kambas na gwanjo a Kasuwar Barci, na sa safa, na zumbula hijabina. Ranar farko minti goma muka yi, muka kai bakin titi muka juyo, cinyoyina na gogar juna, bayana ya jiƙe sharkaf. Masu keke suna tsayawa, "Hajiya, ina zuwa?" in ɗaga musu hannu. Kowane mako muna ɗan ƙarawa, har muka kai rabin awa, kwana biyar a mako, wato minti 150 ɗin nan. Saurin da aka ce in yi shi ne wanda zan iya magana amma ba zan iya jan doguwar waƙa ba. Da hunturu, in hazo ya yi yawa, mukan bari sai rana ta ɗan fito, in rufe hanci. Da damina, ranar da ruwa ya hana fita, tsakar gida da baranda nake zagayawa. Bayan cin abincin dare kuma ba na kwanciya sai na yi kai-komo na minti goma, don tsoka na jan suga daga jini in tana aiki. Ranar Asabar ɗana yakan kai ni Dandalin Murtala, a can na ga ashe ba ni kaɗai ba ce, ga dattawa ga mata masu hijabi kowa na ta kansa.

Wani abu da ban taɓa ji ba sai a bakin likitar: tsoho in ya rage ci kawai, ba kitse kaɗai yake zubarwa ba, har da tsoka, kuma tsokar tsoho in ta tafi da wuya ta dawo. Daga nan sai rauni, sai faɗuwa, sai karayar ƙugu. Don haka ta hana ni zama da yunwa, ta ce kowane ci ya kasance da abin gina jiki, ko wake ne, ko awara, ko kindirmo ba suga, ko gyaɗa 'yar kaɗan. Kuma aƙalla sau biyu a mako in yi abin da zai ƙarfafa tsoka. Kujera nake jinginawa da bango, in zauna in tashi ba tare da dafa komai ba. In cika gorar ruwa biyu in riƙa ɗagawa. In dafa bango in tsaya da ƙafa ɗaya don jiki ya koyi daidaita kansa. Jikokina suna taya ni ƙirga. Wannan zauna-tashin shi ya dawo mini da gwiwoyina. Wata rana da la'asar na ture kujerar salla gefe na gwada, na kai goshina ƙasa, na kuma taso da kaina. Na daɗe a kan dardumar ina kuka ina gode wa Allah.

Amma in aka tambaye ni abin da ya fi wuya a duk tafiyar nan, ba yunwa ba ce, ba ciwon ƙafa ba ne. Idon mutane ne. Da kayana suka fara yi mini yawa, wuyana ya fito, sai gaisuwa ta canja. "Hajiya, lafiya kuwa? Kin faɗa." Wata ta ja ni gefe a gidan suna ta tambaye ni ko Malam ne zai ƙara aure. Wata ta ce ko yaran sun daina aike. A gidan biki in na ɗibi kaɗan na bar lemo, sai uwar biki ta ɓata rai, a ganinta na raina abincinta. Na koyi cewa, "Likita ne ya sa mini doka, ki zuba mini in tafi da shi," in kawo gida in ba yara. Ya fi sauƙi a kan dogon bayani, kuma ba a ɓata zumunci ba.

Yayata ta taso takanas daga Zariya da ta ji labari. Ta shigo ɗakina ta mai da ƙofa ta rufe, ta kama hannuna ta juya shi tana kallo. Ta ce, "Tsakaninki da Allah ki gaya mini, daji ne? Ni ce babba, kada ki ɓoye mini." Idonta ya cika. Na ce, "Yaya, wallahi lafiyata ƙalau, rabon da in ji daɗin jikina haka tun kafin auta." Ba ta yarda ba sai da na ɗauko takardun asibiti, na farko da na baya, 'yata ta karanta mata. Ban ga laifinta ba. Mun sha ganin wanda ya rame ba dalili, ƙarshe aka ce ciwon suga ne ya ci ƙarfinsa, ko tarin fuka, ko daji. Wannan gaskiya ne, kuma likita ta jaddada mini: tsohon da ya ga yana ramewa alhali bai canja ci ba, bai ƙara motsi ba, ya garzaya asibiti. Amma ramar da mutum ya nema da saninsa, a hankali, ƙarfinsa na ƙaruwa, barcinsa na daɗi, wannan daban take. Mu ba mu saba rarrabe su ba, duk rama a wurinmu wahala ce. Ina roƙon 'yan uwa, in kun ga dattijuwa ta dage tana gyara jikinta, kada ku karya mata gwiwa da tausayi. Na san mata biyu da suka fara suka bari, ba don sun gaji ba, sai don sun gaji da amsa tambaya.

Azumi kuwa, kafin ya kama na koma asibiti aka gyara mini lokacin shan magani. A da nakan fito daga Ramadan na fi yadda na shiga nauyi, saboda kunu mai suga, da ƙosai, da soyayyen dankali, da doya da ƙwai, duk a zama ɗaya. Yanzu dabino ɗaya zuwa uku da ruwa, in yi magariba, in dawo in ci abinci a farantina yadda na saba. Malaminmu na Islamiyya ya sha karanta mana hadisin da ya ce a raba ciki uku, kashi ɗaya abinci, ɗaya abin sha, ɗaya numfashi. Na haddace shi tun da daɗewa, aiki da shi ne sai yanzu Allah ya ba ni iko.

Ba zan ɓoye ba, cin lafiyayyen abinci a wannan zamani sai an yi dabara. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kifi da ƙwai suka zama sai wane da wane, talaka kuwa abin da zai cika ciki yake nema, garin kwaki da taliya. Abin da ya taimake ni shi ne ganye bai kai su tsada ba. Na shuka zogale biyu a bayan ɗaki, da alayyahu a tsofaffin bokitai. Kuɗin da a da ke tafiya a lemo da suga da burodi, shi nake juyawa in sayi wake da waken suya.

Bayan kamar shekara guda aka sake gwaji. Nauyi ya sauka daga 92 zuwa 83, ƙugu daga 104 zuwa 93. Suga 96. Kitsen jini 140. Hawan jini 128 bisa 80, tare da magani. Kolestarol mai amfani ya ɗan motsa zuwa 46, bai kai ba tukuna. Likita ta ce a takarda har yanzu ina da uku cikin biyar, tunda ƙugu bai sauka ƙasa da ma'auni ba, kuma mai shan maganin hawan jini ana ƙirga shi ko da jininsa ya daidaita. Don haka ba na ce wa kowa na warke. Akwai watannin da sikeli ya tsaya cak, akwai lokacin bikin autata da kilo biyu suka dawo sai da na sake kora su. Amma ciwon suga da ke bakin ƙofa bai shigo ba har yau, ƙeyata ta saki, baƙin wuya ya dushe, Malam yana barcinsa. Shi ma da aka auna shi an samu jininsa ya ɗan hau, yanzu tare muke karɓar magani. Aminiyata tana nan, tana takawa da sanda, magana ta fara dawowa kaɗan-kaɗan. Ina zuwa wurinta ranar Juma'a.

Yanzu hankalina ya koma kan yara. Ɗana da ke kai ni Dandalin Murtala shekarunsa 39, aikin ofis yake yi, daga mota sai kujera, dare kuma tsire da lemo. Tumbi ya fara turo riga, abokansa na ce masa Alhaji. Da ya kawo ni sai ya zauna cikin mota yana danna waya har in gama. Ran nan da ya zo gaishe ni na ɗauko tef na ce ya ɗage riga. Santimita 101. Ya ce, "Umma, ai gado ne, ku muka biyo." Na ce, "Gadon gaskiya ne, shi ya sa kai za ka riga kowa zuwa awo." Ya je. Suga 104, jini 134 bisa 86, ga ƙugu, uku sun cika. Na kira matarsa muka zauna a kicin na nuna mata rabon faranti, ita ma ta ce a auna ta. Yanzu in mun je dandalin kulle motar yake yi ya biyo ni, har yana wuce ni. Likita ya ba shi wata uku ya dawo a sake gwaji, kuma ranar ta zo daidai da tawa a watan gobe, tare za mu je.